Kwali a Ƙarƙashin Mota

Ɗigo uku na fara gani, ran Talata,
jawur, bisa yashin ƙofar gidanmu a Bilbis.
Na ce ko yara ne suka zubar da zoɓo.
Na dangwala da yatsa, na kai hanci:
mai ne, da santsinsa, da ɗan warin ƙuna.

Shekara goma sha tara ina karɓar haihuwa a Tawa.
Na san jan da ke tsayawa don kansa,
na san wanda sai an tsai da shi.
Wannan na biyun ne.

Duk da haka na yi kwana huɗu ina ƙara mata mai,
ina ɗurin ruwa a kwando.
Ran Asabar, a kwanar babbar kasuwa,
sitiyari ya yi mini gardama,
ya yi gurnani kamar raƙumin da aka ƙara wa kaya.
Na murɗa da hannu biyu har kafaɗata ta amsa.
Wani ɗan kabu-kabu ya zage ni.
Da gaskiyarsa.

Garejin Nomau na bayan tasha,
rumfar kwano ce da dogon yaro biyu.
Sai da ya gaida motar kafin ya gaishe ni.
Ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙasa da tocila a baki,
ƙafafunsa kaɗai a waje,
silifa ɗaya ɗaure da waya.
Daga can ciki muryarsa ta fito:
"Madam, kirimayer ce.
Robar bakinta ta yage, yashi ya shiga,
ya cinye jowan, ya yi wa sanda zane.
In sa miki sabon jowan, jika goma sha biyar,
ki dawo mini kafin damina da zagi.
Ko a kira Katako, a aiko wata ɗungum."

Na tambayi kuɗin.
Ya faɗa, yana duban wani wuri.
Na zauna bisa tsohuwar taya.
Albashin wata ne, ban da kaɗan.
Sai na tuna daren da aka kira ni Kalfu,
ƙarfe biyu, hanya duk kwana da rami,
mace na naƙuda tun la'asar.
Na ce, "Kira su."

Ta iso da bas ɗin Yamai bayan kwana biyu,
naɗe cikin takardar siminti,
doguwa, baƙa, kamar ƙashin bayan wata dabba.
Arzika, yaron gareji, ya rungumo ta.

Fitar da tsohuwar ya ci wuni.
Bulon ɗaya ya ce shi nan aka haife shi.
Aka ba shi gazuwal, ya sha, ya ƙi.
Aka ba shi wuta.
Nomau ya sa bututu a kan sifana, ya ce bismilla,
ƙarfe ya yi ƙara, fatar yatsansa ta tafi.
Ya tsotse jinin, bai dube shi ba.
Ni na duba. Na ciro filasta daga jakata.

Da yamma suka ɗaga gabanta a kan jek,
ya cika mai, ya ce, "Hau ki murɗa.
Hagu har ƙarshe. Dama har ƙarshe. Sannu-sannu.
Iska ce a cikinta, sai ta fita."
Na murɗa, na murɗa,
kumfa na tasowa a bakin gwangwani,
manya, sannan ƙanana, sannan shiru.
Na yi dariya ni kaɗai:
ashe ita ma sai ta yi gyatsa bayan ta sha.

Ya ba ni kwalin sabulu, ya ce,
"Kada ki gode mini yau.
Sa wannan ƙarƙashinta, ki kwanta."

Ban yi barcin kirki ba.
Kiran asalatu na fita da zane ɗaya,
na durƙusa, na jawo kwalin,
na haska da wayata lungu-lungu.
Busasshe.
Sawun kyanwa ne kawai ya ratsa shi,
daga wannan gefe zuwa wancan.